Ɗanyen Fim da Na'urorin Filin Jirgin Sama

Waɗanda suka yi wayo kafin wayar hannu ta zama kyamarar kowa ba za su manta da zamanin da hoto ke tafe da jira ba, lokacin da mai hoto zai zo gidan suna ko wurin ɗaurin aure da kyamararsa rataye a wuya, ya ɗauki abin da zai ɗauka, sa'an nan ya ce a saurare shi sai an wanko, mutane kuwa su yi kwanaki ba wanda ya san ko ya fito da kyau ko idonsa a rufe yake. Da yawa daga cikinmu sun zaci wannan zamani ya wuce ke nan, musamman da kamfanin Kodak na Amurka, wanda George Eastman ya fara sayar da kyamararsa mai naɗin fim tun 1888, ya durƙushe a 2012 har ya nemi kotu ta shiga tsakaninsa da masu binsa bashi. Amma sai ga shi fim bai mutu ba. Kodak ya farfaɗo, Fujifilm na Japan da Ilford na Ingila ba su daina yinsa ba, a 2024 ma an fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17, samari da 'yan mata waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin duhu ba kuwa suna ta tono tsofaffin kyamarorin iyayensu daga ƙasan akwati. Sai dai a ƙasashenmu, inda galibin shagunan hoto suka daɗe da komawa kwamfuta, mai son fim yakan sayo shi ne daga waje ko ya ba matafiyi saƙo, wani lokaci ma wankin sai an kai wata ƙasa. Ashe ke nan da wuya naɗin fim ya kai ga mai wanki bai hau jirgin sama ba. A filin jirgi kuwa akwai abin da ke iya lalata shi ba tare da an buɗe shi ba, ba tare da an taɓa shi ba, kuma mai shi ba zai sani ba sai bayan aikin gama ya gama.

Kafin a gane illar, wajibi ne a san mene ne fim ɗin kansa. Leda ce siririya mai tauri wadda aka shafe fuskarta da wani irin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, a cikin danƙon kuma aka watsa ƙwayoyin gishirin azurfa, ƙanana ainun, waɗanda Allah ya sanya musu ɗabi'ar sauyawa idan haske ya taɓa su. Sa'ad da mai hoto ya danna kyamara, ƙofarta takan buɗe na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, haske ya faɗa kan ƙwayoyin, waɗanda ya taɓa su riƙe alamarsa, waɗanda bai taɓa ba su zauna yadda suke. Wannan alama a ɓoye take, ko da za a zaro fim ɗin a duba ba abin da za a gani, sai an tsoma shi cikin ruwan magani a cikin duhu, ruwan farko ya mai da ƙwayoyin da suka sha haske baƙar azurfa, wani ruwan kuma ya wanke ragowar da haske bai taɓa ba. Daga nan fim ya zama nagatif, ya daina jin haske, ana iya ɗaga shi a rana tsaka ba abin da zai same shi. Saboda haka maganarmu duka a kan ɗanyen fim take, wato wanda ba a wanke ba, ko an riga an ɗauki hoto a kansa ko sabo ne fil a kwalinsa, domin hukuncinsu ɗaya ne. Nagatif da aka wanke, da hoton takarda, da katin ajiya na kyamarar zamani, waɗannan ba ruwansu da na'urar filin jirgi.

Abin da ya sa gwangwanin fim ba ya tsare shi a nan shi ne, ƙwayoyin azurfa ba su bambanta hasken da ido ke gani da wanda ba ya gani. A watan Nuwamba na 1895 wani malamin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano a garin Würzburg wani irin haske da ke ratsa takarda da katako da naman jiki, ya kuma kafa hujja da farantin hoto, inda ya ɗauki ƙasusuwan hannun matarsa da zobenta. Shi ne hasken da a yau ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda muke kira eksire. A shekarar da ta biyo baya Henri Becquerel na Faris ya tarar da farantinsa ya yi baƙi alhali yana naɗe cikin baƙar takarda, ba don komai ba sai don an ajiye shi tare da gishirin yuraniyam.

Labarin da ya fi nuna iyakar saurin jin fim kuwa a Amurka ya faru, a 1945. Kamfanin Kodak ya fara samun fim ɗin asibiti da ɗigo-ɗigon baƙi a kansa tun ba a yi amfani da shi ba, aka rasa dalili, har wani masanin kamfanin mai suna Julian Webb ya bi diddigi ya gano cewa aibin daga kwalin da ake shiryawa tsakanin fallayen fim yake, kwalin kuwa an yi shi ne a wata masana'anta a Vincennes ta jihar Indiyana, da ruwan kogin da ke gefenta. Da ya auna abin da ke cikin kwalin sai ya ga ba irin wanda aka saba gani ba ne, burbushin fashewar nukiliya ne. A ranar 16 ga Yuli na shekarar aka yi gwajin bam ɗin nukiliya na farko a hamadar jihar New Mexico, cikin sirri mai tsanani, iska ta ɗauki ƙurarsa, ruwan sama ya sauke ta a kogi mai nisan fiye da mil 1,000, fim kuwa ya ba da shaidar abin da hukuma ta ɓoye. Wanda ya yi tadabburin wannan labari ba zai yi mamakin jin cewa na'urar da aka ƙera musamman domin ta ratsa akwati da haske mai ƙarfi tana iya ɓata hotunansa ba.

Ba kuwa don mugunta aka girke na'urorin ba, kuma ina ganin ya kamata mai fim ya riƙe wannan a zuciyarsa kafin ya yi fushi da kowa. Yawan fashin jiragen sama ne ya sa Amurka ta wajabta binciken fasinjoji da jakunkunansu na hannu tun daga Janairun 1973, sauran ƙasashe suka bi sahu. Sa'an nan a ranar 21 ga Disamba 1988 bam da aka ɓoye cikin akwatin kaya ya tarwatsa jirgin Pan Am a saman garin Lockerbie na Sikotilan, mutum 270 suka rasu. Ba a cika shekara ba, ranar 19 ga Satumba 1989, jirgin kamfanin UTA na Faransa da ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Injamena, ya nufi Faris, ya fashe a saman hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, duk mutum 170 da ke cikinsa ba wanda ya tsira. Irin waɗannan musibu ne suka sa aka ɗauko dabarar na'urar asibiti da ake kira siti, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila aka fara duba majiyyaci da ita a 1971, aka mai da ita ta binciken manyan akwatuna, bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka kuma ta bazu a manyan filayen jirgi. Bambancinta da tsohuwar na'ura babba ne. Tsohuwar takan haska jaka daga gefe ɗaya ko biyu da haske kaɗan ta fitar da inuwarta. Ita kuwa siti fitilarta kewaya jakar take yi tana harba haske ta kowace fuska, tana duba ta yanki-yanki kamar mai yanka burodi, har kwamfuta ta haɗa surar abin da ke ciki yadda jami'i zai iya jujjuya ta a allo. Daga nan aka sami hukunci na farko, wanda babu saɓani a kansa tsakanin masu yin fim da hukumomin tsaro: kada a kuskura a sa ɗanyen fim cikin kayan awo da ake bayarwa a kai cikin jirgi. Duk saurin jinsa ko rashinsa, a jakar hannu yake tafiya.

Game da jakar hannu kuwa, akwai ƙa'idar da aka yi shekaru ana aiki da ita, har ta zauna a kan tsofaffin masu hoto. A jikin kowane kwalin fim akwai lamba, 100 ko 200 ko 400 ko 800, har zuwa 3200, wadda ke nuna saurin jinsa ga haske, kowane ninki na lambar kuwa ninki ne na saurin jin. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta kasance tana cewa fim da lambarsa ba ta kai 800 ba yana iya bi ta tsohuwar na'urar jakar hannu ba tare da an ga aibi ba. Maganar tana da gaskiya, amma da sharaɗi, domin hasken taruwa yake yi, abin da fim ya sha yau ba ya gushewa gobe, shi ya sa Kodak ya daɗe yana nasihar a nemi binciken hannu idan fim zai ratsa na'ura fiye da sau biyar. Sau biyar kuwa ba su da wuyar cika. Matafiyin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano za a haska kayansa a ƙofar shiga, a sake haska jakar hannunsa kafin ɗakin jira. Idan ya canja jirgi a Alƙahira ko Adis Ababa ko Istambul a kuma haskawa. Wasu ƙasashen ma'aikatan kwastan su haska a wurin sauka, wasu manyan masaukai da tashoshin jirgin ƙasa su ma suna da tasu. Sa'an nan a maimaita duka a hanyar dawowa. Kuma akwai fina-finan da tun asali ba su shiga wannan rangwame ba: fim ɗin Instax mai fitar da hoto nan take, wanda yara suke so, lambarsa 800 ce, fim ɗin asibiti, da na ɗaukar sinima, da wanda mai shi ya yi niyyar a tsawaita masa wanki don ya ɗauke shi a wuri mai ƙarancin haske, dukkansu ba su jure na'ura.

To, wannan ƙa'ida ta 800 ita ce yanzu ta zama tarko, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. A 'yan shekarun nan na'urar siti ta baro ɗakin manyan akwatuna ta zo layin jakar hannu. A 2019 hukumar TSA ta yi odar guda 300, filin Schiphol na Amstadam ya sauya nasa, filaye da dama a Ingila da Italiya da wasu ƙasashe suka bi, ana kuma ci gaba da sauyawa. A farkon 2020 kamfanin Kodak Alaris, mai rarraba fim ɗin Kodak a lokacin, ya sanar da sakamakon gwajin da aka yi a filin John F. Kennedy na New York da fim ɗin Portra 400, wanda bisa tsohuwar ƙa'ida ba abin tsoro a kansa, aka tarar wucewa ɗaya tak ta isa ta bar masa aibi bayyananne. Ilford da Fujifilm su ma suka gargaɗi masu sayen kayansu. Matafiyi yana iya gane sabuwar na'ura da zahirinta, domin ta fi tsohuwar girma da tsawo, sau da yawa da ƙirar ganga ko injin jirgi. Amma alamar da ta fi inganci ita ce maganar ma'aikata, idan ka ji suna cewa a bar kwamfuta da kwalaben ruwa cikin jaka ba sai an fito da su ba, to, mafi rinjayen zato siti ce a gabanka. Abin da ya zama sauƙi ga sauran fasinjoji shi ne halakar fim.

Wanda bai taɓa ganin fim da na'ura ta taɓa ba, ga yadda yake. Mai wanki zai zaro naɗin daga ruwa ya ɗaga shi ga fitila, maimakon gefunansa masu 'yan ramuka da tsakanin hoto da hoto su fito garau ana hango fitilar ta cikinsu, sai a ga sun yi dishi-dishi, wani hazo ya lulluɓe naɗin tun daga farko har ƙarshe. Wani lokaci kuma ratsi ne mai faɗin yatsa yake bin tsawon fim ɗin yana hawa yana sauka, yana maimaita kansa a tazara guda, saboda hasken ya ratsa shi ne yana nannaɗe. Idan an buga a takarda, baƙar riga ta koma toka-toka, inuwar zaure ta cika da tsaki-tsaki, fuskokin da aka ɗauka da magariba su dushe, launuka su karkata. Wuraren duhu na hoto su suka fi cutuwa, domin can ne alamar haske ta fi rauni. Gwanin kwamfuta yana iya rage hazo kaɗan, amma ratsin da ya bi ta kan fuskar amarya, ko ta kan dattijon da aka ɗauka a ziyarar da ta zama ta ƙarshe, ba mai iya mai da abin da ya shafe.

Magani ɗaya ne tabbatacce, a roƙi jami'i ya duba fim da hannu, roƙon kuwa yana karɓuwa ne gwargwadon shirin mai yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a gida za a fitar da kowane naɗi daga kwalinsa da robarsa, a zuba su cikin leda mai haske wadda ake ganin cikinta, a ɗora ta a saman jakar hannu inda za a zaro ta da hannu ɗaya. Kyamara ta tafi ba fim a cikinta, domin jami'i yana da ikon ya ce a buɗe bayanta, ko ya tura ta cikin na'ura. In akwai ragowar hotuna a ƙarasa su kafin ranar. A isa filin jirgi da wuri, domin mai gaggawa ba ya iya jiran a kira shugaban masu bincike. Idan layi ya zo kanka, kafin ka ɗora komai a tire, ka ɗaga ledar yadda zai gan ta ka ce, "Yallaɓai, barka da aiki. Wannan fim ne na hoto wanda ba a wanke ba, na'ura tana ɓata shi, don Allah a taimaka a duba mini da hannu." In ƙasar da ba ka jin harshenta ce, ka rubuta wannan magana da harshensu a 'yar takarda ka sa cikin ledar. Abin da zai biyo baya ba shi da tsawo: jami'in zai ɗauki ledar zuwa wani tebur, ya goga ɗan ƙyalle a jikin gwangwanayen, ya sa ƙyallen a wata ƙaramar na'ura mai shinshino burbushin abin fashewa, ta yi 'yan daƙiƙu ta ba da amsa, ya miƙo maka kayanka. Ka tsaya kusa kana kallo cikin ladabi, domin matashin jami'in da aka haifa bayan zamanin fim yana iya jan harshen naɗin ko ya ɓare takardar da ke rufe da babban fim ba da mugun nufi ba. Masu fim na falle-falle a akwatin kwali su suka fi shiga hatsari, tunda buɗe akwatin a haske halaka ce nan take. Su tafi da baƙar jakar canjin fim mai hannuwa biyu, wadda jami'i zai iya lalubawa a ciki.

A Amurka dokar sufurin sama ta tanadi wannan bincike ga wanda ya nema. A wasu ƙasashe da yawa kuwa abin yana hannun jami'in da ka tarar, ya ga dama ya yarda, ya ga dama ya ce kowane abu sai ya bi na'ura. Idan ya ƙi, ka nemi ganin na gaba da shi da tattausar murya. Idan shi ma ya ƙi, ka tambaya ko akwai layin da ke da tsohuwar na'ura, domin wasu filayen suna da iri biyu. In duk ba a dace ba, ka haƙura. Ban ga maslaha ba ga abin da wasu ke yi na cusa naɗin fim a aljihu ko cikin safa don su wuce da shi a ɓoye, ko su yi ƙaryar cewa lambarsa 3200 ce alhali 200 ce; wanda aka kama da ɓoye abu a wurin bincike ya jawo wa kansa tuhumar da ta fi asarar hoto, ya kuma ɓata wa mai fim na bayansa hanya.

Akwai jakunkuna masu rufin darma da ake sayarwa da sunan kariya, kuma a ganina an ba su matsayin da ya wuce nasu. Suna rage hasken tsohuwar na'ura, wannan gaskiya ne, amma ba a dogara da su a gaban siti, balle a cikin kayan awo. Jami'in da ya ga wani baƙin dunƙule a allonsa wanda bai san abin da ke ciki ba, ko dai ya sake tura jakar, ko ya sa a buɗe ta, in ma a bayan idonka ne. Fa'idarsu ita ce a ƙaramin filin da aka ƙi binciken hannu kuma na'urar tsohuwa ce.

Zafi ma abokin gaba ne, ko da yake a hankali yake ɓarna. Kodak yana nasihar a adana fim mai launi na ƙwararru a sanyin da bai wuce digiri 13 ba, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano da Yamai yakan haura 40, cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa. Kada a bar fim a bayan mota a hanyar filin jirgi, wanda aka ciro daga firji kuma a bar shi cikin robarsa na 'yan sa'o'i har ya daidaita da ɗaki kafin a buɗe, don kada raɓa ta kwanta masa.

Mafi aminci duka shi ne a rage wa ɗanyen fim tafiya. Wanda zai je birnin da ake sayar da fim ya saya a can, in kuma akwai masu wanki ya ware kwana ɗaya ko biyu a ƙarshen zamansa ya ba su, ya dawo da nagatif wanda ba na'urar da za ta cuce shi. Kuɗin wankin Landan ko Istambul, komai tsadarsa, bai kai kuɗin komawa a sake ɗaukar hoton ba. Wanda ya ba ɗan'uwa saƙon fim ya yi masa bayani filla-filla, domin mai kawo saƙo, da kyakkyawar niyya, tsakiyar babban akwati yake tura shi tsakanin tufafi. Idan kuma larura ta sa wasu naɗi suka bi ta na'ura, a ɗiga musu alama da alƙalami a jikin gwangwani duk lokacin da suka wuce, a ware su daban. Waɗanda aka riga aka ɗauka a gaggauta wanke su, a gaya wa mai wanki abin da ya faru. Sababbin kuwa a fara gwada ɗaya a kan abin da ake iya sake ɗauka, bishiyar ƙofar gida ko kasuwar unguwa, a wanke a duba gefunansa, kafin a yarda a shiga da sauran wurin biki.